Tunau da Kwalbar Yaya Ladingo

A Unguwar Gawo akwai wani magidanci, Tunau, mai gemu har ƙirji, amma magana yadda ka faɗe ta haka yake ɗaukarta. Gida ɗaya suke da yayarsa Ladingo mai ƙuli-ƙuli. Ita tana da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allurar insulin, maganin kuwa ba ya son zafi. Ga ta da son zumunci, kuma duk inda za ta, Tunau ne ɗan rakiya.

Wata rana suka je suna Garin Maje. Ladingo ta miƙa masa kwalbar maganin ta ce, "Nemo masa inda ya fi sanyi a gidan nan." Tunau ya tambayi yara, aka ce ai a gidan nan babu mai sanyi kamar Baba Audi, ko an taka shi ba ya tankawa. Sai ya kai masa. Ladingo na fitowa ta tarar da Baba Audi a bakin garwashi yana gasa masara, kwalbar na aljihunsa. Ta fizge tana salati. Tunau ya ce, "Wallahi Yaya, kowa shi ya nuna mini."

Wata rana kuma za su ɗaurin aure a kan babura biyu. Ta ba shi maganin ta ce, "Riƙe, kada ka bari ya girgiza." Duk ramin da suka iso sai Tunau ya ce wa ɗan acaɓa, "Tsaya!" Ya sauka, ya tsallake a ƙafa yana sanɗa, ya sake hawa. Da suka isa an shafa fatiha, har an wanke tukwane.

Wata rana, cikin bazara, suka hau motar Gumel. Ladingo ta gaji da bayani, ta ce, "Kai dai ka kula da shi kamar jariri." Ta jingina kai, barci ya kwashe ta. Tsakar rana motar ta mutu a daji. Da ta farka ta ruga but ɗin motar, inda aka cusa jakarta. Man shanun tsarabarta ya narke ya bi kaya, ƙarfen but ɗin ma ba ya taɓuwa don zafi. Ta zazzage jakar, babu kwalba. A nan kuwa babu inda za ta samo wata.

Sai ta ji fasinjoji suna dariya a gindin wata tsamiya. Ga Tunau a inuwa. Ashe tun a tasha ya ciro kwalbar, don ba a sa jariri a but. Ya yi mata wanka da ruwan gorarsa, ya naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul, yana yi mata fifita da hularsa yana waƙar reno.

Ladingo ta taɓa kwalbar ta ji ta sanyi ƙalau. Ta buɗe baki za ta sa masa albarka.

Tunau ya ɗora yatsa a leɓe. "A hankali, Yaya. Yanzu-yanzu ya samu barci."