Kayan Kiɗan da Babu Shi a Situdiyo

Akwai wani mutuminmu a Unguwar Rogo, nan Jos, ana ce masa Barau Kunne. Shi ya sa wa kansa sunan. In ya zauna a majalisa sai ya ja kunnensa ya ce, "Wannan da kuke gani ba irin naku ba ne. Ko sauro ne ya shige cikin kiɗa, zan faɗa muku mace ce ko namiji." Makaɗan da yake mutuwar so kuwa su ne 'Yan Tsauni, wasu samari masu jita da ganga da fiyano, irin masu kiɗan Turawan nan da waƙa ɗaya za ta kai ka garin Bukuru ta dawo da kai ba ta ƙare ba. Ta tashi kamar hadari, ta sauya, ta kwanta lamo har ka ɗauka an gama, ashe numfashi suke ja.

Kwanakin baya suka yi wasa da rana a wani babban zaure, aka naɗi wasan don a fitar da faifai. Ni na raka Barau. Sai da muka biya ta wurin mai sakwara ya tashi da malmala biyu da miyar agushi, sannan muka shiga, ya kama kujerar gaba, dab da makirufon da aka kafa don ɗaukar tafin jama'a.

Ranar da faifan ya fito, Barau ya tara mu a falonsa, ni da Jatau direba. Har da wani yaro mai gabatar da shirin kiɗa a gidan rediyo, Nafi'u, wanda Barau ya daɗe yana bibiya don ya riƙa sa shi a shirin a matsayin masani. Nafi'u ya ce to, zai naɗi bayaninsa, in ya yi daɗi an ɗauke shi. Barau ya sha babbar riga, ya karkata hula, ya sa matarsa Laraba ta haɗa zoɓo.

Aka fara sa tsohon faifansu na situdiyo. Bai kai rabi ba Barau ya ɗaga hannu.

"Kashe, kashe. Wannan ai abincin asibiti ne. Tsaf-tsaf, ba gishiri ba yaji. Sun shiga ɗaki sun kulle ƙofa, wanda ya yi kure a goge masa. Sa mana na dandali, wanda aka naɗa ranar wasan, ka ji kiɗa mai rai."

Nafi'u ya ce, "Baba Barau, kana wurin ke nan ranar?"

"Ina wurin? Tambayi wannan," ya nuna ni. "Tun daga bugun farko har na ƙarshe ko ƙiftawa ban yi ba."

Na ce, "Gaskiya ne, ban ga ka ƙifta ba."

Aka sa na dandali. Ba laifi, ya fi zafi, mai ganga kamar ana bin sa da gudu, jita tana kuka, ga ihun jama'a. Barau yana ta kaɗa kai yana bayani. Can waƙar ta iso wurin da take kwantawa, kowa ya yi tsit, sai fiyano kaɗai ke ɗiga kamar ruwan indararo. A nan ne wani sauti ya taso daga ƙasa, mai kauri, ya ja ya ja, ya tsaya, ya saki da ɗan fito a ƙarshe. Ya sake ja.

Jatau direba ya ce, "Kai, wannan fa? A na situdiyo ban ji shi ba."

Barau ya ɗan yi turus, don shi ma yau ya fara jin sa. Amma ya ga Nafi'u ya matso da na'urarsa, sai ya gyara zama.

"Yauwa! Abin da nake faɗa muku ke nan. Wannan ba kowane kunne ke kama shi ba. Wani kayan kiɗa ne na musamman, ranar kaɗai suka fito da shi."

Na ce, "Busawa ake yi ko kaɗawa?"

"Busawa. Ba ka ji iska a ciki ba?"

"Babba ne?"

"Ƙato! Mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Kuma ka lura da gwanintar mai busa shi, ba ya gaggawa, ba ya kure. Wannan ya yi shekaru yana horo. Nafi'u, ka sa wannan a shirinka: duk faifan nan babu wanda ya kai mutumin nan iya aikinsa."

Jatau ya ce a ƙara murya. Aka ƙara, har gilashin taga yana rawa. Sai ga Laraba ta bankaɗo labule da tiren zoɓo, ranta a ɓace.

"Haba Baban Ladidi, baƙi a gida kai kuma ka kama..." Ta tsaya. Ta ga mijinta zaune, ido biyu. Ta dubi lasifika, ta dube shi.

Daidai nan, daga cikin faifan, aka ji wata murya ƙasa-ƙasa, tawa ce kuwa: "Barau, Barau, tashi mana, minsharinka na shiga makirufo."

Jatau ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Nafi'u ya cusa hula a baki, amma na'urarsa na nan tana naɗa. Barau ya rasa wanda zai kama, sai ya juya kan matarsa.

"Ke kuma wa ya sa da ke? Me kika sani a harkar kiɗa?"

Laraba ta ajiye tire a hankali ta ce, "Wannan kam na fi ku saninsa, kullum kai tsaye nake sha, ba ko tikiti. Nafi'u, don Allah in kun gama ka bar min faifan, shi wannan yana da wurin kashewa."