Kiret Ɗin Dubiya da Ƙafar Aondoaver

Na kai wa mai ciwon suga lemon kwalba kiret guda, kuma ya shanye tas. Kafin ku fara zagina, ku tsaya ku ji yadda aka yi, don ba ni kaɗai na yi aikin ba.

Aondoaver maƙwabcina ne a unguwar Azuba a Lafia, katanga ɗaya ta raba mu. Shi manomin doya ne, ni direban a-kori-kura, ni nake kwaso masa doyar daga gonarsa ta Kwandere shekara goma sha ɗaya ke nan. Farkon damina garma ta sare shi a babban yatsan ƙafa. Ciwo ɗan ƙarami, irin wanda manomi yake tofa wa yawu ya ci gaba da huɗa. Sati uku bai warke ba. Mutum yana ta ramewa, ga ƙishirwa kamar ya haɗiye rana.

Muka kai shi ƙaramin asibiti. Nas ta dube shi sama da ƙasa ta ce maleriya ce da taifot. A garin nan ko mota ce ta buge ka, maleriya ce da taifot. Na ce, "Sista, ba za a ɗan gwada jininsa ba?" Ta nuna mini na'urar gwajin suga a cikin kabad, sabuwa dal, har da ledarta. Ta ce an kawo ta da biki, da kiɗa, da masu ɗaukar hoto, amma tsinken da ake ɗiga jinin a kai bai iso ba tukuna. Yaushe aka kawo na'urar? Bara waccan. Allah ya ja zamanin wanda ya sayo mana bindiga ya riƙe harsashi, kada mu ji wa kanmu ciwo.

To kun san al'adarmu a Lafia. Musulmi ko Kirista, ba ka shiga dubiya hannu rabbana. Kuma ba ka kai gwanda ko ganyen ugu, sai a ce ka raina mara lafiya. Lemo ake kaiwa, musamman baƙin nan na malt da kowa ya rantse yana ƙara jini. 'Yan cocinsu suka kawo, ƙungiyar masu doya suka kawo, surukai suka kawo. Ni da nake maƙwabci na kusa, ina zan kai kwalba biyu a yi da ni? Na ɗauko kiret. Matarsa Mwuese har da rangaɗa guɗa.

"Baban Sharifa, kai ne mutum! Oga, tashi ka sha, jininka ya ƙare."

Shi kuma Aondoaver ba ya mayar da hannun kyauta baya. Duk wanda ya zo, sai an buɗe a gabansa ya sha, don mai kawowa ya tafi da farin ciki. Ranar Lahadi na ƙirga da idona, kwalba bakwai.

Sai da ƙafar ta fara wari muka kai shi wajen gwaji na kuɗi. Likitan ya dubi takarda, ya dube mu, ya sake duban takarda. Ya ce, "Me kuke ba shi?" Mwuese ta ce da alfahari, "Malt, dokta, safe da yamma." Mutumin nan ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce sugan da ke jikin Aondoaver ya isa a haɗa shayin masu ɗaurin aure, kuma in ba a yi da gaske ba, yatsan nan sai dai a yi bankwana da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ni ban yi boko mai nisa ba, aji huɗu na tsaya. Amma na ɗauki kwalbar na juya ta, don an ce komai a rubuce yake. Rubutun kamar ƙafar kiyashi, kuma da Turancin da ko Sharifa 'yata mai sakandare sai da ta ce, "Baba, wannan ba a koya mana ba." Sunan lemon kuwa daga tsallaken titi kana karanta shi. Ranku ya daɗe masu duba abincin talaka, aikinku yana kyau. Kun gaya mana gaskiya a inda ba za mu gan ta ba.

Da na ji kunya ta kama ni, sai na ce bari in gyara. Na sayo wanda aka ce babu suga a ciki. Na ɗanɗana, zaƙi har kunne. Na ce wa mai shago, "Kai, wa kake yi wa wayo?" Ya ce ba suga ba ne, wani garin magani ne mai zaƙi. Na ce ba cinya ba, ƙafar baya. A rediyo wani masani ya ce garin ba shi da laifi. Washegari wani masanin ya ce a yi hattara da shi. Dukkansu da manyan digiri. Mu da ba mu da digiri sai mu sha wanne? Mwuese ta raba gardama, ta ce, "Kwashe kayanka. Oga yanzu ruwa kawai zai sha, ko Fasto ne ya kawo lemon."

Ana cikin haka aka kira taron wayar da kai a kan ciwon suga, a wani otal mai sanyi. Na je da fushina. Mai Girma Sarkin Bita, Garkuwan Alawus, ya iso ƙarfe biyu, taron ƙarfe goma. Ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce suga maƙiyi ne, ya ce an ma ɗora wa lemo haraji saboda ƙaunar da ake mana. Muka tafa. Ni dai na san lemo ya ƙara tsada, ban san inda ƙaunar ta sauka ba. Yana zama, aka fara rabo: kowa fanke biyu da lemo mai sanyi. A teburin manya kuwa har kala uku. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, tsinken gwaji fa?"

Ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai muhimmanci, kuma za a kafa kwamiti. Wani mai kwat ya raɗa mini cewa in zauna, lokacin hoto ya yi. Aka ba ni riga mai rubutu a ƙirji. Lemona kuma na sha, ba zan yi muku ƙarya ba, rana ake yi kuma na biya kuɗin mashin.

Ni ban ce gwamnati ta bi mu gida-gida tana ƙwace kwalba ba. Bakinmu ne, mu muka buɗe. Amma da an ɗiga jinin nan tun ranar farko, da an faɗa mana da Hausa ko Tibi, yaren su Aondoaver, cokalin suga nawa ne a kwalba ɗaya, ai da gwandar muka kai, a raina mu a raina.

Ranar Talata aka yanke yatsan. Likita ya ce a gode wa Allah da ya tsaya a nan, bai hau sama ba. Huɗar bana dai ta wuce Aondoaver. Na shiga duba shi ina sunkuyar da kai, hannuna babu komai, karo na farko a rayuwata. Ya dube ni ya yi dariya.

"Malam, daina wannan fuska. Takalmin Kirsimeti da surukina ya sayo mini, shekara uku yana matse ni. Yanzu zai shiga."