Yaƙin Tanko da Zuuu ɗin Jitarsa

A saurara, ya ku ma'abota hankali, a ji nasabar gwarzo kafin a ji aikinsa. Shi ne Tanko ɗan Barau Mai Gyaran Rediyo, wanda bai taɓa buɗe rediyo ya rufe ba sai ya ga rarar noti uku a hannunsa. Jikan Maikano Maƙeri, wanda ya ƙera ƙofar da har yau ba ta rufuwa. Tattaɓa-kunnen Gagare, sadaukin da ya yi ido huɗu da kura daga kan tsamiya, bai sauko ba sai da ta gaji ta tafi. Toron giwan Tudun Wadan Zariya, Sarkin Tsirkiya Shida, mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar zabiya Hajiya Tabawa!

Amma ba'adu, ita wannan jita 'yar gwanjo ce, mafi araha a cikin 'yan uwanta. Wuyanta a karkace yake kamar na mai leƙen gidan maƙwabta. Tsirkiya shida gare ta, ko da yake biyu kawai Tanko ke taɓawa, sauran huɗun na kwarjini ne. Babbar annobarta kuwa wata ƙara ce, zuuu, kamar ƙudan zuma sun tare a cikin tulu, wadda ke biye da kowane bugu shekara tara cur. Tanko na jin kunyar wannan ƙara fiye da yadda yake jin kunyar surukarsa.

Sai ga wani maƙiyi ya bayyana daga gabas, Ɗanjuma Mai Fiyano, yana shela cewa abin da Tanko ke yi da yatsa goma shi da ɗan yatsa guda zai yi. Hajiya Tabawa, wadda motarta ba ta da sauran kujera, ta yanke hukunci a gaban kowa: "Ranar Asabar akwai biki a Tudun Jukun. Wanda ya tayar mini da mata rawa, shi ke da kujera. Ɗayan ya nemi wata sana'ar."

Gaban Tanko ya faɗi, don banda wannan kujera ba shi da komai a duniya sai tabarma. Ya dubi jitar, ya tabbata zuuu ne zai kai shi ƙasa. Ya ɗaura ɗamara, ya zaro sukundireban ubansa daga kube, ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko ke!"

Ran Lahadi aka buɗe fagen fama. Ya kwantar da ita a kan tabarma, ya farke cikinta, rundunar wayoyi ja da baƙi suka fito masa a hargitse, bai ja da baya ba ko taki ɗaya, sai dai sau biyu da ƙarfen dalma ya ƙone shi ya ruga randa. Ran Litinin ya tumɓuke tsofaffin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ya naɗa sababbi a kan karagarsu, bayan ya saka su a juye ya sake cirewa. Ran Talata ya kai farmaki mahauta, ya komo da ganimar ƙashin raƙumi, ya yini yana gurza shi da magagari har ya zama 'yar matashiyar da tsirkiyoyi za su ɗora kai, karnukan unguwa kuwa suka yi wa gidan ƙawanya har la'asar. Ran Laraba ya bi teburan masu shayi yana tsintar takardar sigari mai ƙyalli, ya lulluɓe cikin jitar da ita kamar sulke. Ran Alhamis ya murɗa ƙarfen da ke cikin wuyanta, ta yi wata ƙara ƙas, ya yi salati ya fita waje, ya daɗe bai leƙo ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya jona ta da sifika, ya rufe ido, ya buga. Dum! Sauti ya fito tas, babu zuuu, babu ɗan uwan zuuu. Hawayen farin ciki suka zubo wa jikan Maƙeri. An yi fatahi, an karya tutar abokin gaba!

Ranar Asabar da la'asar aka ja daga. Ɗanjuma ya fara, mata uku suka tashi don kara, suka koma suka zauna. Sannan Sarkin Tsirkiya Shida ya shigo fage yana taku ɗai-ɗai, ya saki sautin nan mai tsabta irin wanda Tudun Jukun ba ta taɓa ji ba. Ya buga, ya ƙara bugawa. Ko mace ɗaya ba ta motsa ba. Wata ma ta buɗe kwanon alkaki.

Wata tsohuwa a layin gaba ta ɗaga murya: "Tabawa, jitar taku rasuwa ta yi? Ina abin nan da ke sosa mana tafin ƙafa?"

Hajiya Tabawa ta juyo da makirufo a hannu. "Tanko, ina zuuu ɗina?"

"Hajiya, ai na kashe shi," in ji shi. "Kwana shida na yi."

"Ka kashe shi? Da kana zaton don me nake ɗaukar ka shekara tara?"

Ta duƙa, ta tsinci murfin kwalbar lemo a ƙasa, ta cusa shi tsakanin tsirkiyoyin can gindin jitar. Ta ce, "Buga." Tanko ya buga da zuciya a karye. Zuuu! Kafin ya ɗaga yatsa fili ya cika, gwaggwaro na faɗuwa, tsohuwar nan ce ma a gaba tana juyi.

Haka gwarzo ya riƙe kujerarsa, Ɗanjuma ya naɗe wayoyinsa ya kama hanyar gabas. Da aka zo shiga mota, Hajiya ta zare murfin, ta goge shi da gefen mayafi, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Wannan a wurina zai riƙa zama," in ji ta. "Kai kuma ka riƙa zuwa da wuri kana riƙe masa jita."