Kujera Ta Uku

Jiya da safe na ƙona ɗan yatsa, kuma ina son in gode wa hukuma, domin ba don ƙoƙarinta ba da ban samu wannan damar ba.

Masu shan shayi a shagona sun san amfilifayar, wato na'urar ƙara sauti, da mahaifina ya haɗa da hannunsa, mai kwalabe huɗu a tsaye suna haske kamar garwashi. Tun da ya rasu, in na ɗora faifan da yake so, sai in ji kamar yana bayan kantar shagon yana wanke kofuna. An daina yin irin kwalaben nan tun ina ɗan firamare. In ɗaya ta mutu, shi ke nan.

Bara ne Ofishin Kula da Tsofaffin Kaya Masu Ƙara ya zo ya ce amfilifayar ta zama kayan tarihin unguwa. Ni kuma da son a sani, har aski na yi don hoto. Sharaɗi biyu suka gindaya: a kunna ta kullum daga goma zuwa biyar saboda baƙi, kuma kada a buɗe ta. Suka kafa allo mai sunana a ƙofar shago, suka manna takarda mai jan hatimi a bayanta, na yi ta sunkuyawa ina godiya.

Watan jiya na ga kwalba ta uku ta yi jawur, sauran ukun kuwa ɗumi-ɗumi abinsu. Na kira Tseng mai gyaran rediyo, ya zo a kan tsohon babur ɗinsa.

"Yaya Liao, kashe ta ta huce," in ji shi. "Sai mu musanya ta uku da ta farko. In zafin ya bi kwalbar, ita ce ba lafiya. In ya tsaya a wurin, kujerar da kwalbar ke zama a kai ce."

Muka musanya. Minti goma, baƙuwar da ta hau kujera ta uku ita ma ta yi ja.

"Kujerar ce," in ji Tseng.

Goggo Pan mai awara, wadda ba a gayyata ba, ta leƙo daga rumfarta. "Sai yau kuka sani? Sau nawa muka canja na kan kujera a garin nan, me ya huce?"

Tseng ya ce gyaran bai kai tafasa ruwan shayi ba. Akwai ɗan sukuru da ke raba wa kwalaben wuta, a murɗa shi kwata kawai. Ya juya amfilifayar, ya laluba, ya yi tsaki. Ramin sukurun yana ƙarƙashin jan hatimin, daidai tsakiya. Wannan saiti, jama'a, sai ƙwararru.

Na tafi ofis. Mai Girma Mataimakin Mataimaki ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce ɓalle hatimi abu ne mai sauƙi, sai dai takardar izinin tana buƙatar hatimi, mai hatimin kuma ya tafi ƙasar waje koyon yadda ake adana tsofaffin kaya.

"To ranka ya daɗe, in kashe ta kafin ya dawo?"

"Ka kashe? Kawu, tarihi ne fa. Ka taɓa jin an kashe tarihi?"

Amma fa ba su yi watsi da ni ba. Sun turo tawagar mutum huɗu. Uku suka zauna suka sha shayina mafi kyau, na huɗun yana ta gumi da ma'aunin zafi. Shugabansu ya haɗa zafin kwalaben, ya raba gida huɗu, ya ce sakamakon ya yi kyau matuƙa.

"Ranka ya daɗe, wannan fa tana ƙonewa."

"Ita kaɗai ce. A jimlace lafiyarsu lau."

Daga nan na koma karɓa-karɓa. Kowace safiya sai in ɗora wata a kujera ta uku, kowacce ta ɗanɗana. Goggo Pan ta ce in ba ta minti ɗaya, da farce ɗaya za ta gama da takardar hatimin. Na ce ni mai bin doka ne. Gaskiyar magana, tsoro nake kada a cire allon da ke ɗauke da sunana.

Jiya, faifan mahaifina yana tsakiyar juyawa, sai kwalbar da ke kujera ta uku ta yi wani shuɗin walƙiya. Na kai hannu ban yi tunani ba. Sauti ya ɗauke, sauran ukun ma suka mutu. Na tsaya da yatsa a baki ina sauraron bayan kanta, babu mai wanke kofi. Wallahi ban ji zafin yatsan ba sai can da rana.

Da la'asar tawagar ta dawo, mai hatimi ya iso gida lafiya. Suka miƙa mini izinin murɗa sukuru, suka sake awo. Kwalabe huɗu, sanyi ɗaya, babu wadda ta fi wata. Shugaban ya girgiza mini hannu, hannun da ya ƙone, ya ce irin daidaiton da suke nema ke nan, za a aiko mini da takardar yabo.

Goggo Pan ta riga ta roƙi takardar yabon don naɗe awara. Na ce ta cike fom.