Yadda Gonar Andarawus Ta Zama Daji

Jiya, jama'a, na rufe buhunan hatsina a kasuwa, na sa rigar Juma'a a ranar Talata, na raka Andarawus wani ofishi da ba zan kira sunansa ba, don ina da iyali. Na fita da bakina zan yi wa mutum lauya. Na dawo kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

Andarawus Bakambare ne, manomi, daga wani ƙauye bayan Salka. Shekara ashirin yana kawo mini dawa ina aunawa, ban taɓa samun tsakuwa a buhunsa ba, abin da ba zan iya rantsewa a kan wasu masu dogon carbi ba. Yana da gona biyu. Al'adarsu, in ƙasa ta gaji, sai a bar ta ta huta shekara uku ko huɗu, ciyawa ta rufe ta, a koma ɗayar. To, a cikin hutun nan wasu bayin Allah suka zo da farar mota, suka kafa turakun siminti, suka shafa jan fenti. Wai an ba wani babban mutum wurin zai yi noman zamani. Katafila za ta shiga ranar Litinin.

Awa uku muka yi a kan benci kafin babban ofishin, Maigirma Sarkin Tambari, Garkuwan Fayil, ya gama shan shayi. Allah ya ƙara masa lafiya, ai aikin gwamnati ba a yinsa da yunwa.

Na durƙusa, na ce, “Ranka ya daɗe, gonar wannan bawan Allah aka yi wa turaku.”

Ya buɗe fayil, ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa. “Babu gona a nan. Daji aka rubuta.”

Andarawus ya ce, “Yallaɓai, ɗorawa bakwai na ciki, babana ya bar su. Gamba na iyaka, ni na dasa. Kabarin baban ma yana ƙarƙashin kaɗanya.”

“Daji ma ai akwai itatuwa, Baba.”

Kun ji ilimi? Mu da muka tsaya a firamare ina za mu san wannan!

Sai ya yi mana bayani, a hankali, yadda ake yi wa yara. In takarda ta ce gona, to akwai mai ita, sai an kira shi an zauna. In ta ce daji, na Allah ne, kuma gwamnati ce ke riƙe wa Allah. Kalma ɗaya, baƙi huɗu, ta cinye ɗorawa bakwai da kabari.

Nan fa jinina ya hau. Na ce, “Ranka ya daɗe, a unguwar manya akwai wani wuri da aka kewaye tun ina saurayi. Ciyawa ta fi ni tsawo, macizai har sun yi jikoki. Shi ma daji ne?”

Ya ce, “Subhanallahi! Wannan ai fili ne. Kadara ce.”

To, madalla. Ciyawar mai kuɗi kadara, ciyawar Bakambare daji. Haka abin yake a garin nan, ba yau ba. Alhaji ya koma sabon gida, a ce ya tare. Mutanen ƙauye su gudo daga Kasuwan Garba saboda 'yan bindiga, a ce sun kwararo, sai ka ce ruwan kwata. Babba ya ɗaga murya, yana kare haƙƙinsa. Andarawus ya ɗaga, ya zo tayar da fitina.

Na dage. Na ce, “Wane makaho ne ya dubi tsofaffin kunyoyi ya rubuta daji? A kira shi!”

Aka kira shi. Wani safiyo mai awon ƙasa ya shigo, siriri, da hular hana sallah. Yana ganina ya washe baki. “A'a! Baba mai hatsi! Ba ka gane ni ba? Bara muka tsaya a rumfarka muna tambayar hanyar bayan Salka. Na ce akwai mutane a wajen? Ka ce, ‘Ina fa! Can ai daji ne, ba kowa sai Kambari.’ Shi ya sa ma ba mu nemi mai unguwarsu ba.”

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Na faɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na faɗa. Ban faɗa da mugunta ba, ina cikin awo, bakina ne ya ɗauko abin da ya saba. Haka na ji ubana yana cewa, haka nake cewa. In Andarawus ya tashi tafiya, “A gai da mutanen daji,” nake ce masa, mu yi dariya. Wato ni nake dariya. Sai jiya na tuna shi murmushi kawai yake yi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Sarkin Tambari.

Na ce, “Ranka ya daɗe, na janye maganata. A goge.”

Ya ce ba a goge fayil da baki. Sai na rubuta takarda, kwamiti ya zauna. Yaushe kwamiti zai zauna? Bayan an share wurin, don su ga abin da ke ƙasa da kyau. Kai, Allah ya bar mana masu hikima!

A bakin ƙofa na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Andarawus, ka yafe mini.”

Ya daɗe yana ɗaure igiyar bayan mashin ɗinsa. Can ya ce, “Malam, shekara ashirin kana auna dawata. Ka taɓa ganin dawa ta fito a daji?”

Ya ce zai je ya kewaye kabarin babansa da duwatsu, ko direban katafila zai gani ya kauce. Ya tada mashin ya tafi. Karon farko ke nan da na rasa gaisuwar da zan aika wa mutanensa.

Takardar dai na rubuta, na kai da safen nan, an buga mata tambari an sa a ƙarƙashin kofin shayi. Ranar Litinin zan rufe rumfa in tafi Salka in tsaya kusa da kaɗanyar nan, ko ba komai a ga akwai mutane a wajen.

Af, na kusa mantawa. A hanyata ta dawowa na bi ta wajen wani mai fenti, na tarar yana gama wani ƙaton allo da masu farar mota za su kafa a gonar Andarawus. An rubuta da manyan baƙaƙe: GONA CE, BA A SHIGA. Kun ga ashe ba a ƙi kiranta gona ba. Jira ake ta sami mai ita.