Jirgin Damagaram Ba Ya Tsayawa Konni

Ko na mance da sunan unguwarmu, ba ni mancewa da ranar da na fara shiga jirgin sama. Ina Yamai wajen maganin ido ɗiyata Hadiza ta haihu a Damagaram. Mijinta, surukina Isufu, ya ce tahiyar yini guda cikin kar, babbar motar fasinja, za ta wahalar da ni, ya yanko mini biye, wato tikiti, na jirgi, ana gobe suna.

To ni duk sanina da tahiya na gudron ne, hanyar mota. Nan take na kira matata Rabi, can ƙauyenmu kusa da Malbaza, na ce ta ɗaure kayan barka ta zo tashar Konni ta jira ni, in mun tsaya sallah da shan mai sai ta shigo mu wuce tare.

Ta ce, "Malam, jirgi na tsayawa Konni?"

Na ce, "Ke, wa kika taɓa ji ya tahi Damagaram bai bi ta Konni ba?" (Da wata irin murya na faɗa, sai ka ce a sama aka yanke mini cibiya.)

Muka tashi. Na ƙanƙame kujera ina ta salati. Aka kawo shayi na sha. A lissahina ko gadar Yamai ba mu gama bari ba, sai na taɓa wani mai kwat da ke gefena, na ce, "Samari, mun kusa Dosso?"

Ya leƙa taga ya ce, "Baba, ai Maradi ce muke bari baya."

Ban san sa'ad da na miƙe ba, bel ɗin kujera ya maido ni zaune. Na ɗaga murya yadda nike yi cikin kar: "Direba! Akwai fasinja a Konni! Da kayanta!"

Dariya ta ɓarke cikin jirgi. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Alhaji, buɗe taga ka miƙa mata hannu!" Yarinyar da ke raba shayi ta durƙusa gabana, tana cizon leɓe, ta ce, "Baba, yi haƙuri, sai Damagaram."

Awa biyu ba ta cika ba muka sauka. Ina kunna waya ta yi ƙara. Rabi ce, kuma Isufu na tsaye yana jin komai.

"Malam, ga wani ya wuce can sama kamar allura, na yi ta ɗaga gyale. Naku ne?"

Motar dare ta biyo. Ta iso an riga an raɗa suna, rago na bakin wuta, sunan jikanta na fari. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ta yi: duk matar da ta shigo barka sai ta zaunar da ita ta ba ta labari daga farko, da muryata.

Tun ran nan, in aka tambaye ni abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba. Yana da ɗaci a baki, amma bai kai Rabi tana kwaikwayona ba.