Jingar Shagunan Aliero

Wani Alhaji mai fataucin albasa a Aliero ya kira ni in gina masa jerin shaguna. Ya ce in zaɓa: ko ya sayi kaya ya riƙa biyana ladan yini, ko in ɗauki jinga, kaya da aiki duk a wuyana.

Na daɗe a gini, kuma ba na son mai aiki ya tsaya a kaina. Na doki ƙasar filin da dunduniya, na ji ta da tauri, na ce jinga nake so.

Wani tsoho mai sayar da goro a gefe ya ce, "Magini, ka tambayi abin da ke wurin ga da can?"

Na ce, "Baba, ni ƙasa nika tambaya, ba mutane ba."

Muka fara haƙa harsashi. Ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara da ruɓaɓɓiyar albasa. Muka kai gwiwa muna tono leda, muka kai ƙugu wari na korar leburori. Simintin da na ɗauka zai kai ni rufi, rami ya shanye shi.

Na koma wurin Alhaji neman ƙari. Ya ce, "Jinga kac ce, gaban shaidu." Sai da na sayar da babur ɗina na ƙarasa aikin.

Shagunan na nan tsaye, ko tsaga babu. Ni kuwa har yau in na ratsa kasuwa da ƙafa, mahauta na kirana: "Mai dunduniya, zo taka muna wurin ga, gini muka so."